Zauren 'Yan Mata: Bango Mai Fure

A tsohon garin Jidda na shiga gidan zane na teamLab Borderless, aikin 'yan Japan da aka buɗe a 2024. Ba takarda, ba fenti. Na'ura ke watsa haske a bango da daɓe, furanni na buɗewa, kina taɓawa su watse. Sauti kuwa ya lulluɓe ki kamar ruwan wanka, har zuciya ta kwanta.

Zane ne fa ya haɗu da kwamfuta! Ke gwanar lalle, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. In maganar aure ta taso, lallaɓi Baba a sa karatunki cikin sharaɗi.

Taku har kullum, Anti.