Daga Ɗakin Aji: Yaya Jirgi Ke Komowa?

A watan jiya muna koya wa 'yan ajinmu cewa dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Sai wani yaro ɗan Bunguɗu, inda dogo bai bi ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in jirgi ya kai ƙarshe, yaya yake komowa, tun da ba shi da sitiyari?"

Muka ce gani ya kori ji. Akwai wani ɗan jirgin wasa mai aiki da batir da wata baƙuwa ta bar wa makaranta. Muka shimfiɗa dogonsa a kan tebur, muka lanƙwasa ƙarshensa kamar zarge, ya zagayo ya koma cikin kansa, domin jirgi ya shiga da kai ya fito da kai. Muka kunna. Jirgi ko motsi, waya ta yi zafi, batir ɗin da yara suka yi karo-karo suka saya ya mutu. Kunya ta rufe mu.

Ga dalili. Ƙarafa biyu na dogon wasa su ne ke kai wa inji wuta, ɗaya ta tafi, ɗaya ta komo. To, in dogo ya zagayo, ƙarfen dama sai ya haɗu da na hagu, watau kamar an haɗa kai da gindin batir da waya ɗaya.

Magani shi ne a yanke ƙarafan duka biyu a mashiga da mafitar zagayen, a ba shi tasa wutar dabam. Jirgi na ciki, sai a juya wutar babban layi, a kuma karkata harshen dogo inda hanya ta rabu, domin ya sami mafita. Amma zagayen lalle ya fi jirgin tsawo, in ba haka ba ƙafafun taragon baya su sake haɗa wutar.

Da fari yara biyu muka sa, ɗaya a makunni, ɗaya a harshe. Suka yi ta saɓani, jirgi ya yi ta gocewa, har aka kusa dambe. Daga baya wani mai gyaran rediyo a kasuwar Gusau ya manna mana ɗan maganaɗisu a ƙarƙashin inji, ya binne ƙaramin makunni a tsakanin ƙarafa. Inji na wucewa ta kansa, wuta ta juya, harshe ya karkata, ba hannun kowa.

Ɗan Bunguɗun nan dai bai gamsu ba. Ya ce shi harshen babban dogo yake so ya gani da idonsa. Mun rubuta wa iyaye takardar neman izinin kai su tashar Gusau ran Asabar. A taimaka a sa hannu a maido kafin Alhamis.