A Mayar Da Balaguron Hawan Dutse Lokacin Kaka



Duk shekara idan aka fara maganar balaguron karatu, abu biyu ake tattaunawa: nawa kowa zai biya, kuma wace mota za a ɗauka. Ban taɓa jin an tambaya yaya gari zai kasance ranar ba. Shi ya sa a makarantu da yawa tafiyar take faɗawa ƙarshen zango na biyu, wato watan Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara. A ganina wannan ne lokaci mafi muni da za a kwashi yara a ce su hau dutse.

Duk wanda ya tashi a Karaye ko Rogo ya san zafin Afrilu. A jihar Kano ma'aunin zafi yakan kai 40 da rana. An ce a taru ƙarfe bakwai, amma kafin a gama kiran suna, a jira direba, a sha mai, tara ta yi. Kafin a isa gindin Dutsen Dala rana ta take. Dutse kuma yana shan zafi kamar tanda, mai silifas ɗin roba zai ji a tafin ƙafarsa. Ga shi wasunmu ko koko ba su sha ba saboda ɗoki, ruwan leda ɗaya ne a hannunsu.

Da wani ya fara jiri sai ka ji manyan aji suna cewa ai tsawon dutsen ne ya kama shi. Wannan maganar ba daidai ba ce, kuma tana da haɗari, domin idan ba a gane cuta ba ba za a ba ta maganinta ba.

Ciwon tsawon dutse gaskiya ne, akwai shi. Idan mutum ya yi sama sosai iska takan yi sirara, kowane numfashi sai ya shigo da iskar oksijin kaɗan. Daga nan sai ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci da ƙin abinci. Idan ya yi tsanani ruwa yana iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, har a rasa rai. Amma yawanci yana farawa ne daga mita 2,500 sama da teku. Mu nan muna zaune a kusan mita 500, ƙololuwar Dala ma ba ta kai mita 600 ba. Duwatsun Shere na Jos mita 1,829 ne. Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, shi ma da saura kaɗan. Sai irin Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895, can ne ake wannan fama.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda masu hawan Kilimanjaro suke yi. Ba sa tashi sai sun zaɓi wata, suna guje wa ruwan Afrilu da Mayu. Suna ɗaukar kwana biyar zuwa tara, kuma masu daɗewa a hanya sun fi isa sama lafiya saboda jikinsu ya samu lokacin sabawa. Likitoci suna ba da shawarar idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya fi na jiya tsawo da sama da mita 500. Wanda ciwo ya kama kuma ba a ce masa ya daure, sauko da shi ake yi. Manya ne masu kuɗi da kayan aiki, amma suna tsoron yanayi. Mu yara da kambas da gora ɗaya me ya sa ba za mu ji tsoronsa ba?

Namu abokin gabar zafi ne da ƙishirwa. Kada wani ya raina shi. A aikin Hajjin 2024 zafi ya haura 51 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce fiye da mutum 1,300 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Damina ma ba ta dace ba. A watan Agusta dutse yana santsi, kuma idan hadari ya taso babu inda tsawa ta fi so kamar wuri mai tudu.

Saboda haka ina roƙon shugaban makaranta da malamanmu a mayar da tafiyar watan Nuwamba ko farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, zafi ya sauka, hazon hunturu bai yi kaurin da zai rufe gari ba. Akwai wani dalilin ma: lokacin iyayenmu sun girbe masara da dawa da waken suya, biyan kuɗin mota ba zai zama rigima a gida ba. A bazara kuwa kowa tunanin kuɗin taki yake.

Na san za a ce zango na farko aiki ya yi yawa, ga sababbin ɗalibai, ga jarrabawa. Gaskiya ne, amma Asabar ɗaya ce kawai ake nema. Idan kuma lallai sai an yi a bazara, to a tashi bayan sallar asuba, a gama hawa a sauko kafin ƙarfe goma. Kowa ya karya kumallo, ya zo da babbar gora cike da ruwa da takalmi mai rufi. Malami ɗaya ya riƙe ruwan gishiri da sukari, wani kuma ya tsaya a baya tare da masu tafiyar sannu. Duk wanda ya ce kansa yana ciwo a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki, kada a yi masa dariya ana ce masa rago. 'Yan matanmu ma da yawa ba sa faɗa saboda kunya, sai an tambaye su.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi, ana karantawa a rediyo. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida a shirye muke mu riƙa saurare muna liƙa shi a wannan allon sati guda kafin tafiya, in malamai sun yarda.

Daga wata ɗaliba, aji biyu na ƙaramar sakandare