A RABA BABBAN KAMFANIN WAYA

'Yan'uwa talakawa na Anka da Gummi da Bukkuyum, yau falke ba ya sallama buhun gero sai ya buga waya ya ji farashi. To, wayar nan hannun wa take?

Tun 2013 hukumar NCC da bakinta ta ce MTN ya mamaye kasuwar kira. Ba ta rage masa ƙarfi ba, har layukansa suka haura rabin na ƙasar nan. A 2025 kuma ta yarda a ƙara kuɗin waya da kashi 50 cikin ɗari. Ina talaka zai gudu?

Amurka ta datsa AT&T a 1984, duniya ba ta tashi ba. Mu dai muna kiran Majalisar Tarayya ta yi doka a raba MTN, ƙananan kamfanoni su sami wurin kasa hajarsu.