Shagunan bogi a intanet: Abin da ya kamata masu sayar da kwanon rufi su sani

A watan Maris na shekarar 2025 kamfanin Google ya shigar da ƙara a wata kotu a Amurka, inda ya zargi wani mutum da abokan aikinsa da ƙirƙirar shagunan bogi a kan taswirarsa ta Google Maps, kuma kamfanin ya ce ya goge irin waɗannan shaguna sama da 10,000 da binciken ya bankaɗo. Wannan ba shi ne karo na farko ba, domin a shekarar 2023 ma ya yi ƙarar wani da ya ce ya buɗe shagunan ƙarya kimanin 350, ya kuma jera masu yabon ƙarya har 14,000. Tun a 2019 jaridar Wall Street Journal ta ƙiyasta cewa shagunan bogin da ke kan taswirar sun kai miliyan 11, shi kuwa Google ya ce a shekarar 2023 kaɗai ya cire ko ya tare guda miliyan 12.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗan kasuwar Jibiya ko Ƙonni da rikicin Turawa da kamfaninsu. Ruwansa kuwa yana da yawa, idan aka duba irin sana'o'in da abin ya fi shafa a can. Ba masu sayar da turare ko agogo ba ne. Masu gyaran makulli ne, da masu janwe, da masu gyaran famfo, da masu rufin gida, wato sana'o'in da mutum ke nema cikin gaggawa, hankalinsa a tashe, ba shi da lokacin tambayar kowa. Wanda iska ta yaye wa rufi da daddare, iyalinsa na tsugune a ɗakin maƙwabci, duk lambar da ya fara gani ita zai kira.

Yadda ake yin abin a Amurka shi ne, mutum guda ya buɗe shaguna goma ko ashirin a taswira, kowanne da sunansa da unguwarsa, alhali babu ko ɗaya a ƙasa. Adireshin kan zama na wani fili ne ko akwatin gidan waya ko gidan wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk lambobin wayar kuwa wuri guda suke shiga. Daga nan ko dai ya karɓi aikin ya tsuga kuɗi, ko kuma ya sayar da sunan mai neman aikin ga wani kafinta. Mai rufin gaskiya da ya shekara ashirin a garin sai ya wayi gari sunansa ya koma ƙasan jeri, wayarsa ta yi tsit. Akwai kuma mafi muni, wato a ƙwace shafin shago na gaskiya a sauya lambar wayarsa, ko a rubuta cewa an rufe shi, ko a turo mutanen haya su yi ta zuba masa sharri.

Abin ya kai hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta kafa ƙa'idar da ta fara aiki a watan Oktoba na 2024, wadda ta haramta saye da sayar da yabon ƙarya, da tarar da za ta iya haura dala 50,000 a kan kowane laifi guda.

To mu dawo gida. Gaskiya ne yawancin masu sayen kwano a Maraɗi ko Illela ko Maigatari ba su buɗe taswira kafin su je kasuwa. Kafinta ne ke kai mai gini wurin wanda ya saba da shi, ko kuma a tambayi ɗan'uwa. Amma ƙofar da ɓarnar za ta fi shigo mana ba taswira ba ce, Facebook ne da WhatsApp da TikTok, inda ɗaukar hoton shagon wani da tulin bandir-bandir na kwano a buɗe sabon shafi da sunansa ba ya ɗaukar minti goma. Kuma abubuwa biyu sun faru da suka gyara wa masu wannan aiki fage.

Na farko, rufe iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. A waɗannan watanni ɗan kasuwar da ya saba tashi daga Damagaram ya je Ƙofar Ruwa a Kano ya ga kaya da idonsa, ya ɗaga kwano ya ji nauyinsa, ya koyi yin ciniki ta waya. Na biyu, ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wanda ya tilasta wa har dattawan da ba su yarda da banki ba suka rungumi tiransifa ta OPay da Moniepoint da makamantansu. A ɓangaren Nijar kuwa dama Nita da Amana sun daɗe da zama hanyar aika kuɗi. An buɗe iyaka, kuɗi sun dawo hannu, amma ɗabi'ar tura kuɗi kafin a ga kaya ta zauna daram.

Kwano kuma kaya ne mai sauƙin yin ha'inci da shi. A hoto, ba wanda zai bambance maka alminiyom mai kaurin 0.45 da mai 0.55, balle a gane fallen da aka rage masa tsawo. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, amma falle 20 na mai kauri da falle 20 na wanda yaro zai naɗe da hannu ba kuɗinsu ɗaya ba. Saboda haka mai shafin bogi ba lallai ne ya gudu da kuɗin ba. Yana iya turo kaya, sai dai ba irin wanda aka biya ba, kuma ranar da damina ta tona asiri, shagon da sunansa ke kan shafin za a nufa da faɗa. Ka ga an yi asara biyu ke nan: mai gini ya rasa rufi, mai shago ya rasa sunan da ya gada ko ya yi shekaru yana ginawa. Lokacin da abin ya fi haɗari kuwa sananne ne, farkon damina da iska ke kwashe rufi, da kuma bayan ambaliya irin ta 2024, shekarar da tsohon masallacin Damagaram ya rushe, madatsar Alau kuma ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Duk sa'ad da masu neman kwano suka yi yawa, macuta ma kasuwarsu ta buɗe.

Wani abin da ba a son faɗa a fili shi ne, ba kullum baƙo ne ke yin wannan aiki ba. A Amurka, da yawan shagunan bogin abokan sana'a ne ke buɗe su don su cika jerin da sunayensu. Mu ma nan, wanda ya san farashinka na jiya, ya san sunan yaron shagonka, ya san ranar da motarka ke zuwa, ba daga nesa yake ba. Wani ma ba ya ɗaukar abin a matsayin sata, gani yake wayon kasuwa ne, kamar yadda 'yan kamasho ke tare mai saye a bakin layi su karkatar da shi. Bambancin kawai, ɗan kamasho ana ganin fuskarsa, sarkin kasuwa na iya kiransa.

Ta fuskar doka ba a bar mu haka nan ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta hukunta yin sojan gona da sunan wani, akwai kuma hukumar FCCPC da aka kafa da dokar 2018 don kare masu saye da hana gasar da ba ta dace ba. Nijar ma tana da tata dokar tun 2019. Sai dai a ganina ɗan kasuwar bakin iyaka kada ya dogara da wannan kaɗai. Idan mai shafin yana amfani da lamba mai +234, wanda aka cuta kuma yana kan +227, kuɗin ya bi ta hannun ɗan canji daga sefa zuwa naira, wane ofishin 'yan sanda ne zai ɗauki maganar bandir biyar da muhimmanci? Ga shi kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, abin da bai ƙara wa haɗin kan hukumomin ƙasashen biyu sauƙi ba.

Abin da ke hannun ɗan kasuwa ya fi abin da ke hannun hukuma saurin aiki. Shagon da ba shi da shafi shi ya fi sauƙin yi wa sojan gona, don babu na gaskiya da za a gwada da shi. Buɗe shafin kasuwanci a Google kyauta ne, kuma a yanzu kamfanin kan nemi a ɗauki bidiyon shagon da allonsa da kayan ciki kafin ya tabbatar da shi, wanda hakan gata ne ga mai shago na gaske. Duk wanda ya kira ka ya ce daga Google yake, a biya shi kuɗi ko a karanto masa lambar sirrin da ta shigo wayarka, kashe wayar kawai. A kula kuma da wanda ya buɗe shafin: idan yaron shago ne ya buɗe da imel ɗinsa da layinsa, ranar da kuka ɓata da shafin zai tafi, da abokan cinikin duka.

Idan an ga shafin bogi, kafin a kai ƙara a fara tara shaida: hoton shafin, da lambar wayar, da lambar asusun da ake karɓar kuɗi, da hoton wurin da aka ce shagon yake alhali kango ne ko shagon tela. Google na da wurin gyara bayani a kan taswira, da kuma takardar koke ta musamman kan shagunan ƙarya, Facebook ma na da wurin kai ƙarar sojan gona. Amsarsu na da jinkiri, wani lokaci a goge shafi yau gobe ya dawo da sabon suna. Takardar rajista, ta CAC a Najeriya ko RCCM da NIF a Nijar, ita ke sa a saurare ka da wuri, a can da kuma a banki. Asusun banki a Najeriya na ɗaure da BVN ko NIN, don haka lambar asusun ta fi lambar waya amfani wurin bin sawu, kuma gara a sanar da bankin a ranar da abin ya faru.

Ƙungiyoyin masu kayan gini su ne har yanzu ba su ɗauki nasu kason ba. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin maigadi da na kwasar shara ba za ta gaza fitar da jerin shagunan mambobinta da lambobinsu na gaskiya ba, a manna a ƙofar kasuwa, a karanta a rediyo kafin damina ta faɗi, a kuma aika wa takwarorinsu na ƙetaren iyaka, Jibiya ta ba Maraɗi, Illela ta ba Ƙonni. Mu da ke aikin rediyo mun san sanarwar minti biyu da Hausa tana kaiwa ƙauyen da intanet ba ta kai ba, kuma kafintocin da ke sayen kwanon suna saurare a bakin aiki. Haka nan idan aka kama ɗan layi da hannu a ciki, hukuncin ƙungiya na rufe masa shago na mako guda zai fi yi masa ciwo a kan goge shafin da zai sake buɗewa kafin la'asar.