Motar Melkus da Darasin Rage Nauyi

Duk ɗalibin da ya tashi a Sharabi ko Bagudo ya san motocin Turai na hannu da aka daɗe ana shigowa da su daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Galibi akan auna darajar mota da girman injinta. Wannan ma'auni bai cika ba, kuma tarihin wata ƙaramar mota ta Jamus ta Gabas ya isa hujja.

Sunanta Melkus RS 1000. Heinz Melkus, wani direban tseren motoci a birnin Dresden, shi ya ƙera ta tare da ma'aikatansa, kuma guda 101 kacal aka yi daga 1969 zuwa 1979. A wancan zamani samun babban inji a ƙasarsa abu ne mawuyaci. Don haka ya ɗauki injin Wartburg 353, motar da jama'a ke hawa yau da kullum, mai fistin uku, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai kamar ƙaramin janareta. Ya sa masa kafireta uku, ya dasa shi a bayan kujerar direba, sa'an nan ya gina yawancin gangar jikin motar da faiba maimakon ƙarfe. Nauyinta ya tsaya kimanin kilo 700, tana kuma gudun kilomita 165 a awa, alhali Wartburg ba ta wuce kimanin 130.

Dokar Newton ta biyu ta bayyana rabin sirrin: idan ƙarfin turi bai sauya ba, abin da ya fi sauƙin nauyi ya fi saurin ɗaukar gudu. Sauran rabin kuwa siffarta ce, domin motar gajeruwa ce ƙwarai, iska ba ta tare ta sosai. Haka Allah ya halicci shaho: ƙasusuwa masu rami a ciki, da jiki mai ratsa iska.

Wani zai ce motar tsere ba ta da amfani a hanyar karkara. Gaskiya ne, amma darasinta yana da amfani. Sau da yawa malamai kan jingine gwaji saboda rashin kayan aiki, ɗalibai su haddace doka ba su taɓa ganin aikinta ba. Ya kamata malamin kimiyya ya kai ajinsa garejin bakanike, ko ya sa yara su tura amalanke babu kaya, su sake turawa da buhun gero biyu, su auna lokaci da agogo. Igiyar awo da agogo sun isa a fara.