Jimiri Ba Naɗe Hannu Ba Ne

'Yan'uwa matasa cikin Kristi, kalmar Turancin nan "perseverance" ta cika saƙonninmu na WhatsApp. In aka ce a fassara ta, da yawa sukan ce "haƙuri". A ganinmu fassarar ba ta kai ba.

A bakin mutane yau, "yi haƙuri" ta zama abin da ake faɗa wa wanda aka kore wa shanu don ya yi shiru. Kalmar Helenanci da Manzo Bulus ya rubuta a Romawa 5:3 kuwa tana nufin tsayawa ƙarƙashin kaya ba gudu. Hausarta jimiri.

Mu a Dogon Dawa mun san nauyin kayan, tun Oktoban 2012 da 'yan bindiga suka kashe maƙwabtanmu Musulmi a lokacin sallar asuba. Manomin da aka ƙona wa rumbu, damina ta faɗi ya sake ɗaukar fartanya, ya fi mai ƙamus sanin wannan kalma.

Amma kada wani ya ce jimiri ya hana mu kai kuka ga hukuma. Bulus ɗin nan, da za a yi masa bulala a Urushalima, sai da ya tambayi jarumin soja ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba.