Wa Ke Yanke Ciyawar Filin Idi?



Duk wanda ya taɓa yin sallar idi a birnin Birmingham na ƙasar Ingila, da wuya a ce bai taka filin Small Heath ba. Tun da sassafe za ka ga jama'a na kwararowa ta titin Coventry, kowa da dardumarsa a hammata, wasu har da ledar da za su fara shimfiɗawa saboda raɓa. Ga 'yan Pakistan, ga Somaliyawa, ga 'yan Yaman, ga kuma namu Hausawa da manyan riguna, an ɗora rigar sanyi a kai. Masallacin Green Lane ne ke shirya taron, kuma a ƙaramar sallar 2018 masu shiryawar sun ce kimanin mutum 140,000 ne suka halarta. In ka yi sujada, goshinka kan sauka a kan ciyawa gajera wadda aka yanke daidai, babu ƙaya, babu fasasshiyar kwalba. Sai a sallame, a yi ta gaisawa, yara su ruga wajen lilo. Ban taɓa jin wanda ya tsaya ya tambayi wa ya yanke wannan ciyawa ba, ko kuma da kuɗin wa aka yanke ta. A kan wannan tambaya nake so mu tsaya yau.

Filin nan kyauta ce. Wata attajira mai suna Louisa Ryland ce ta ba wa birnin a shekarun 1870, kamar yadda ta ba da lambun Cannon Hill da aka buɗe a 1873. A wannan shekarar ce kuma Joseph Chamberlain ya zama magajin garin Birmingham, daga baya ya karɓe ruwan sha da iskar gas daga hannun kamfanoni ya mayar da su hannun majalisar birni, ya sa aka shimfiɗa tituna aka rushe unguwannin da ƙazanta ke kashe mutane. Mutanen zamaninsa sun ɗauki aikin ƙaramar hukuma tamkar ibada. Har Amurkawa sun riƙa zuwa ganin yadda ake tafiyar da gari.

A Manchester ma tun kafin nan aka fara. Gari ne na masaƙu, hayaƙi ya rufe sama, leburori na kwana a ɗakunan da rana ba ta leƙawa. Ɗan majalisarsu Mark Philips ya dage cewa talaka ma na bukatar inda zai shaƙi iska. Aka yi karo-karo, mai kuɗi ya ba da fam, lebura ya ba da sisi da kwabo, har a watan Agusta na 1846 aka buɗe lambuna uku rana guda: Queen's Park da Philips Park a Manchester, da Peel Park a Salford. Masu bin ƙwallo, Philips Park ɗin nan yana nan dab da filin wasa na Etihad. A 1902 kuma majalisar birnin ta sayi Heaton Park, eka kusan 600, a kan fam 230,000. Shekarar ce aka kafa a Manchester ƙungiyar nan ta BCGA mai sayen auduga, wadda dattawan Zariya da Funtuwa ba su manta da injinan gurzarta ba. Ke nan akwai gumin manoman ƙasarmu a cikin arzikin garin nan, shi ya sa ba na jin kaina baƙo in na zauna a inuwar itatuwansa.

To amma bayar da fili aikin rana ɗaya ne. Yanke ciyawa, share ganye, gyaran kujera, kwashe kwandon shara, kunna fitila, waɗannan kullum ne, shekara 150 ba hutu. Kuma a nan dokar Ingila ta yi wani bambanci da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar hanyoyi ta 1980 ta wajabta wa majalisa kula da titunan da ke hannunta. In ta yi sakaci rami ya lalata maka mota ko ya ji maka ciwo, kana iya neman diyya. Haka kula da tsofaffi da marayu da naƙasassu, wajibi ne. Amma wuraren shaƙatawa babu dokar da ta tilasta mata ta kula da su. Nafila ce a wurin hukuma. Saboda haka duk ranar da aljihu ya yi sanyi, lambu ne ke fara shan wuƙa.

Aljihun kuwa ya yi sanyi. Ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya ya gano cewa daga 2010 zuwa 2018, kuɗin da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kusan rabi in aka yi la'akari da tsadar kaya. A daidai lokacin kuma tsofaffi masu bukatar kulawa ƙaruwa suke yi. 'Yan'uwanmu da ke aikin kula da tsofaffi a gidaje sun san wannan fiye da kowa.

Sai dai ba zan ɗora wa Landan laifin duka ba, domin abin da ya faru a Birmingham akwai na hannunta a ciki. Ranar 5 ga Satumba, 2023, majalisar birnin, wadda ke kula da mutum sama da miliyan ɗaya kuma ake ce mata mafi girma a Turai, ta fitar da sanarwar da ake kira sashe na 114. Ma'anarta, kuɗin shiga ba za su iya ɗaukar kashe-kashe ba, an dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi sai na dole. Abu biyu ne suka fi kayar da ita. Na farko hakkin mata ma'aikata: masu shara, masu dafa abincin makaranta, masu kula da marasa lafiya, waɗanda aka yi shekaru ana hana su alawus ɗin da ake ba maza masu matsayi irin nasu, kamar masu kwashe bola. Kotun ƙoli ta ba matan gaskiya a 2012, majalisa ta biya sama da fam biliyan ɗaya, amma ba ta toshe ɓarakar ba, har aka sake ƙiyasta bashin da zai iya kai wa fam miliyan 760. Na biyu wata manhajar kwamfuta ta Oracle da aka saya don lissafin kuɗi da albashi, aka ware mata fam miliyan 19, ta ƙi aiki yadda ake so, kuɗinta ya doshi miliyan 100. Matan nan hakkinsu suka nema, kuma hakki ba ya tsufa. Laifin na waɗanda suka ga wuta tana ci suka yi ta jinkiri ne.

Wa ya biya? Mai gida da ɗan haya. A 2024 aka ƙara harajin gidaje da kusan kashi 10 cikin 100, aka sake ƙarawa da kusan kashi bakwai da rabi a 2025. Aka amince a rage hasken fitilun kan titi, a rage kuɗin gyaran hanyoyi, a sayar da kadarori. Sannan a watan Maris na 2025, ana tsakiyar azumi, masu kwashe shara na ƙungiyar Unite suka shiga yajin aikin sai baba-ta-gani. Zuwa ƙarshen watan majalisa ta ce tan 17,000 na shara ne jibge a tituna, ta ayyana halin gaggawa. Unguwannin masu hali sun ɗauki 'yan kwangila sun kwashe tasu. Small Heath da Sparkbrook da Alum Rock, inda gidaje ke manne da juna kuma iyalai ke da yawa, su suka sha wari da ɓeraye. Garin da ya karɓi wasannin ƙasashe renon Ingila a 2022 da kiɗa da wasan wuta ke nan.

Batun hanya kuma ya riga wannan. A 2010 Birmingham ta miƙa kula da titunanta, kilomita kusan 2,500, ga kamfanin Amey, kwangilar shekara 25 a kan fam biliyan 2.7. An zaci an huta. Ba a je ko'ina ba aka fara jayayya a kan wace hanya ce ke cikin yarjejeniya da kuma ingancin aikin, aka yi ta shari'a har kotun ɗaukaka ƙara ta ba majalisa gaskiya a 2018. Kamfanin ya biya fam miliyan 215 ya fice, kamfanin Kier ya karɓa a 2020. Shekarun da aka ɓata a gaban alƙali, ruwan sama bai jira hukunci ba.

Ku tsaya mu dubi ramin titi da kyau, domin yana da yadda yake samuwa. Kwalta ta tsufa ta yi 'yar tsaga kamar zare. Ruwa ya shiga. Dare ya yi, sanyi ya mai da shi ƙanƙara, ƙanƙara ta kumbura ta buɗe tsagar. Da safe ta narke, bas ta bi ta kai, gefen ya ɓare. Kafin hunturu ya fita, ramin ya isa ya haɗiye tayar keke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wata rana da asuba ina dawowa daga aikin dare, a wata hanya ta bayan gari, ruwa ya cika rami har ya yi daidai da titi, fitila na haskawa kamar madubi. Ƙara ɗaya na ji, taya ta fashe. Na tsaya ina canza ta da hannuwa a sandare, sai ga wani yaro mai kai abinci a babur ya taho, na ɗaga masa hannu ya kauce da ƙyar. Ni asarata kuɗin taya ce. Shi da ya faɗa, ƙashi ne zai karye, kuma aikinsa babu albashin jinya. Binciken da masu sana'ar kwalta ke yi duk shekara ya ce a 2025 ana bukatar kusan fam biliyan 17 kafin a gyara titunan ƙananan hukumomin Ingila da Wales. Tsagar da za a like da ɗan kuɗi kaɗan ce aka bari ta zama haka.

Manchester ba ta faɗa irin ramin Birmingham ba, amma ita ma ta ga gargaɗi. A watan Agusta na 2015, bayan ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta rufta a babban titin Mancunian Way, rami mai zurfin ƙafa 40, saboda tsohuwar magudanar da ke ƙarƙashi ta lalace. Wata goma aka yi kafin a buɗe hanyar gaba ɗaya. A 2017 majalisa ta ware fam miliyan 100 na shekara biyar don hanyoyi, kuma wannan mataki ya cancanci yabo. Wajen lambuna kuwa sai ta koma neman kuɗi ta wasu ƙofofi. Alexandra Park, kusa da Moss Side, an farfaɗo da shi a 2014 da tallafin asusun cacar ƙasa. Heaton Park kuma ana ba da hayarsa ga masu kaɗe-kaɗe, kamar bikin Parklife da ake yi duk shekara, da dare biyar na mawaƙan Oasis a watan Yulin 2025. Kuɗi na shigowa, gaskiya ne, amma makonni ake yi wani sashe na kewaye da katanga, uwar da ba ta da tsakar gida ta tura keken jariri ta tarar an rufe. Raina bai kwanta da wannan ba. Abin da aka tanada don kowa ya shiga kyauta bai kamata numfashinsa ya dogara da caca da kuɗin tikiti ba.

Abin da ya fi kwantar min da rai shi ne mutanen unguwa. Kusan kowane lambu a garuruwan nan biyu yana da ƙungiyar masoyansa, tsofaffi da matasa da ke fitowa ranar Asabar da safar hannu da buhu, su tsince shara, su dasa fure, su rubuta wa kansila in fitila ta mutu. Aikin gayya ne, irin wanda muka tashi muka gani. Ina kira ga 'yan'uwa mazauna Ingila, mu da ke cika filin Platt Fields na Manchester da Small Heath ranar idi, a gan mu a can ranar Asabar ma. In ka ga rami, ɗauki hotonsa ka tura ta manhajar FixMyStreet ko shafin majalisa, domin ramin da aka kai rahotonsa ya shiga rajista, kuma ba a iya cewa ba a sani ba.

Masu sauraronmu na gida, wannan labari ya shafe ku kai tsaye. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai gina tituna da kula da su, fitilun titi, magudanun ruwa, lambuna da filayen jama'a. Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Mun saba ganin ana yanka kirtanin buɗe sabon titi, a kira maroƙa da 'yan jarida. Ba mu saba ganin an kira kowa ranar yashe kwata ba, ga filayen wasan yara da gefen filayen idi ana ta yankawa ana gina shaguna. In shugaban ƙaramar hukumarku ko kansilan mazaɓarku ya zo ɗaurin aure ko ta'aziyya, ku gaishe shi da girmamawa, sannan ku tambaye shi: ranka ya daɗe, nawa aka ware bana don like ramuka da yashe magudanai kafin damina, leburori nawa ne a kan aikin, kuma takardar filin idinmu tana hannun wa?